Na San Wanda Ya Kashe Shugaban Sulhunmu

Assalamu alaikum. Ina gaishe da mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Batsari, ina aure a ƙasar Safana. Kowa ya san abin da muka gani a shekarun nan tsakanin mutanen daji da 'yan sa-kai, gona ta gagara, kasuwa ta gagara. A cikin rikicin aka kashe mahaifinmu a gonarsa ta gero, ƙanena ne ya ɗauko gawar a amalanke, kuma tun ranar bai sake komawa daidai ba. Da aka gaji da binne mutane sai aka kafa kwamitin sulhu, aka naɗa mahaifin mijina shugaba. Baba muke ce masa. Yana jin Fulatanci, shi ya riƙa shiga daji da ƙafarsa har aka ajiye makamai, bana aka yi shuka lafiya. Sharaɗinsa ɗaya ne, kowa ya yafe, kada a bi jinin kowa.

Ƙanena bai yafe ba. Ran da ya ga mutumin da yake zargi da kashe babanmu yana cinikin shanu a kasuwar Batsari, ya zo wurina idanunsa jajur, ya ce Baba ya zubar da jinin ubanmu a banza. Na ba shi haƙuri a baki, amma ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata na tare da shi. Daga baya ya kira ni ya tambayi hanyar da Baba zai bi zuwa wani zama da shugabannin Fulani, wai yana so ya tare shi ya faɗa masa abin da ke ransa. Na ce kada ya yi masa rashin kunya, surukina ne. Ya ce, "Yaya, magana ce kawai." Na gaya masa ta bakin rafi zai bi, daga shi sai mai babur. Shin na yarda magana ce kawai? Ko na sani na kawar da kai? Wallahi har yau ban iya ba kaina amsa ba.

Ranar zaman, kafin la'asar, aka shigo da gawar Baba a cikin tabarma. Mai babur ya ce daga cikin dawa aka yi harbin, bai ga fuskar kowa ba. Nan take gari ya ɗauka cewa mutanen daji ne suka ci amana. Samari suka je suka ƙone wata ruga, ta matar da ke kawo mana nono, mijinta, wani dattijo, ya mutu a ciki, aka kama ɗanta, har yanzu yana tsare. Ina cikin gida ina dafa abincin masu gaisuwa, ina jin duk wannan, ban ce uffan ba.

Ƙanena ya zo ta'aziyya, ya zauna a zaure ya yi addu'a tare da kowa. Na ja shi bayan rumbu na tambaye shi ko shi ya harbe Baba. Bai musa ba. Ya dube ni ya ce, "In za ki buɗe baki, ki tuna wa ya faɗa mini hanya."

Yanzu surukata na takaba, ni ke kai mata ruwan alwala, tana sa mini albarka. Da wane ido zan kalle ta? Mijina, mutumin da ko faɗa bai iya ba, ya sayi bindiga ya shiga 'yan sa-kai, ya rantse sai ya rama wa ubansa. Suna shirin shiga daji kafin girbi, su far wa mutanen da ba su da hannu a ciki. In na faɗi gaskiya, aurena ya mutu, kuma na san ƙanena ba zai kai hannun hukuma da rai ba, ga shi shi kaɗai ya rage wa mahaifiyarmu namiji. In na yi shiru, yaƙin da Baba ya kashe zai dawo, wataƙila mijina ne gawar farko.

Jiya mijina ya ce in yi masa addu'a Allah ya haɗa shi da wanda ya kashe Baba. Na ce amin.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?