Silifas ɗin Abiba

Nima, 3 ga Maris, 1987

Yaya Zuera,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Kumasi.

Yaya, ina cikin wani hali. 'Yata Abiba ta yi nauyi, ga uwarta Ikilima bayanta ya ƙi, ba ta iya goya ta zuwa makaranta kuma. Yarinyar da kanta take jan jiki a bakin kwata, silifas a hannu. Ruwan sama na sauka, karatu ya ƙare ke nan.

Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta shirya gudu ranar Asabar ta sama, daga unguwar Madina zuwa filin ƙwallon Maamobi. Duk wanda ya iso kafin kiran azahar, za a ba ɗan da ya yi gudun dominsa keken guragu. Na sa kaina. Ni da na tsufa a kan keken ɗinki, ko motar trotro ban taɓa bi da gudu ba. Jiya na gwada, sai da na yi amai.

Abin da ke cina kuma, hanyar ta bi ta ƙofar surukina, Alhaji Alidu, inda dattawa ke zama. Da wane ido zan wuce su a guje?

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanenki, Osumanu

Kumasi, 8 ga Maris

Osumanu,

Muna lafiya, ka gaida Ikilima da 'yar tamu Abiba.

Kai da tumbin nan za ka yi gudu? Na yi dariya, daga baya na yi kuka. To ji nan. Ka sunkuyar da kai ka wuce Alhaji, da yamma ka koma ka ba shi haƙuri. Na san halinka, ko akuyar surukai ka gani sai ka rusuna. In ka durƙusa da gajiya a ƙafa, wallahi ba za ka tashi ba.

Allah ya ba ka sa'a.
Yayarka, Zuera

Nima, 15 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban ji maganarki ba.

Kowa ya wuce ni tun a hanya, har wata mata mai fararen gashi. Na iso Maamobi ƙirjina na wuta, amma da sauran lokaci, ina ma hango tutar filin. Sai ga Alhaji a kan benci, dattawa kewaye da shi, Abiba a gefensa, ashe Ikilima ta kawo ta kallo. Ban san sa'ad da na cire takalmi na durƙusa ba.

Alhaji ya daka mini tsawa, "Wa ya tambaye ka gaisuwa? Tashi ka tafi!"

Na yunƙura, ƙafafu suka ƙi. Jijiyoyin sun ɗaure tam. Matasa suka zo za su ɗauke ni, mai alƙalancin gudun ya ce in an ɗauke ni na faɗi. Yaya, na yi kuka a gaban surukina.

Sai Abiba ta jawo jiki, ta turo mini silifas ɗinta. Ta ce, "Baba, sa a hannu. Kwalta yana zafi paa."

Da rarrafe na ƙarasa. Gwiwoyina duk sun saɓule. Ashe abin da take sha ke nan kullum, ba ta taɓa faɗa mini ba.

Na shiga filin ladan yana tsakiyar kira. Wasu sun ce na makara, wasu sun ce rarrafe ba gudu ba ne. 'Yan ƙungiyar za su zauna ranar Juma'a. In suka hana ta saboda gaisuwata, ban san yadda zan kalli yarinyar nan ba.

Ki yafe mini.
Osumanu

Nima, 23 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Keken ya zo.

Yau da kanta ta tafi makaranta. Ta bi ta ƙofar kakanta, dattawa na zaune, ba ta tsaya ba, ƙararrawar keken kawai ta kaɗa musu. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Lafiya lau."

Silifas ɗin ta bar mini.

Ki huta lafiya.
Osumanu