Jan da ke Cikin Saiwar Wake

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da uwargida da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa tarin nan naka bai dawo ba. Mu nan alhamdu lillahi. Goggo ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma faɗa da kaji. Baba jiki da sauƙi, sai dai idon. Yanzu inuwar mutum kawai yake gani. Amma abin da ido ya rasa kunne ya samu, shi ya sa na rubuto maimakon in kira ka, don ko bayan rumbu na laɓe da waya sai ya maimaita mini abin da na faɗa.

Maganar gona ce, Yaya. Masara ta sake yin rawaya tun daga ganyen ƙasa, ko ƙuguna ba ta kai ba. Shekara uku ke nan. Kana nan na yi wa Inna alkawari a gadon asibiti cewa ba zan bar Baba ba sai gonar nan ta koma ciyar da gida. Shugabar ɗakin gwajin ƙasa inda na koyi aiki ta riƙe mini gurbi har sau biyu, yanzu ta aiko cewa bayan girbin bana za ta ba wani. Ban ga laifinta ba. Ni dai ga ni kamar akuya a turke, ina kallon ciyawa, igiya ba ta kai ba.

Abin takaicin, na san ciwon, na san maganin. Ƙasarmu yunwa take ji, yunwar naitirojin, abin nan da ake saya a buhun taki. Iska cike take da shi, amma shuka ba ta iya shan sa daga can. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke kamo shi. Sukan shiga saiwar wake su yi ɗan ƙulli su zauna, waken ya ciyar da su, su ciyar da shi. In an bar saiwar da ganyen a ƙasa, wasu ƙwayoyin kuma su ruɓar da su, su mayar da su abincin da masarar baɗi za ta sha. To ka san Baba da tsabta. Kowace shekara sai an share gona fes an ƙone kara da ganye, abincin ya bi hayaƙi. Wake kuwa ya hana shukawa tun shekarar da tsutsa ta kumbura saiwar tumatirinsa ya yi asarar fili guda. Tun daga nan duk ƙullin da ya taɓa a saiwa cuta ne a wurinsa.

Bara na saci jiki na shuka wake a kunya shida ta bayan rijiya, na tsinke 'ya'yan na bar sauran ya ruɓe. Bana masarar wurin ta fi ni tsawo, kore shar! Na kama hannun Baba na kai shi ya shafa, ya ce ai danshin rijiya ne. Da ya sunkuya sai hannunsa ya faɗa kan waken da na ƙara shukawa. Ya tuge ɗaya, ya laluba saiwar, ya jefar kamar ya taɓa wuta. Ya ce na kawo masa annoba gona, karatu ya sa na raina shi. Na ce ya murza da yatsa, kumburin tsutsa ba ya rabuwa da saiwa, wannan kuwa ɓallewa yake. Ya ƙi. Sai na fasa ƙulli ɗaya da farce, cikinsa ja kamar tsoka, alamar ƙwayoyin suna raye suna aiki. Na kai masa dab da fuska na ce ya duba. Wallahi Yaya, na manta ba ya gani. Sai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ciji leɓe, kuka ya ƙwace mini, na kuwa ji kunyar kaina.

Ya yanke cewa da zarar an tsinke waken, nan da mako uku, a tuge komai a ƙone. In aka ƙone, baɗi ma rawaya ce, gurbina ya tafi, ni kuma ina nan. Ba zan saɓa masa a bayan idonsa ba kuma, sau ɗaya ma ya ishe ni nadama. Alkawarin Inna kuwa kaya ne, ba ni da inda zan sauke shi. Na gaji, Yaya.

Ga roƙona. Maganarka kaɗai Baba yake ji, ko ka ce rana daga yamma take fitowa sai ya ce ɗansa ya faɗa. Ka kira shi ka ce ya bar saiwar a ƙasa, ya daina ƙone kara. Kada ka ambace ni. Ka ce a can ka ga ana yi, kai ka gano. Ni ba yabo nake nema ba, ƙofa nake nema.

Ka gaishe mini da uwargida, da takwarar Inna mai surutu, da Kawu direba in kun haɗu. Goggo tana gaisuwa, ta ce ka yi ƙiba ko har yanzu. Na sa saiwa ɗaya a cikin ambulan ɗin nan. Kafin ta iso ta bushe, jan ya tafi, kai ma ba za ka gani ba. Sai dai ka yarda da ni, ko da mutum ɗaya ne a gidan nan.

Ƙanwarka,
Auta