Hayaƙi a But ɗin Motar Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu ma lafiya lau, ƙafar Umma ta yi sauƙi har tana fita unguwa, yara kuma sun koma makaranta.

Auta, ga dalilin wannan wasiƙa. Ranar Asabar da hantsi ina wanke-wanke a gidan su Umma na ji ƙaurin roba. Na leƙa gareji, sai ga baƙin hayaƙi yana tashi daga but ɗin motar Baba, shi kuwa yana zaune a gaba, gilasai a rufe, ido a lumshe. Na yi ta ƙwala masa kira har muryata ta dushe, ko waiwayowa bai yi ba, sai da na fizge ƙofa na jawo shi. Maƙwabci ne ya cire kan batir. Da aka buɗe but ɗin sai na riƙe baki. Lasifika biyu ne manya kamar bahon wanka, irin na samarin da ke girgiza layi da kiɗa. Baba fa, wanda ko rediyo muka ƙure a gida sai ya zare soket.

Mai gyaran rediyon mota da ya zo ya ce haɗin ne ya jawo. Ka san Baba ya tsufa yana wayarin ɗin gidaje, sai ya haɗa su yadda yake haɗa ƙwan lantarki, ja da ja, baƙi da baƙi. A ma'aunin juriyar wuta da ake kira om, kowace lasifika om biyu ce, wannan haɗin ya mai da su om ɗaya, alhali amfilifaya, na'urar da ke ƙara musu ƙarfin sauti, huɗu take so, sai ta yi ta jan wutar da ta fi ƙarfinta. Ya ce da an jera su, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, da sun tashi huɗu daidai. Fis ɗin da ke katse wuta in ta yi yawa ya yi ta ƙonewa, Babanka ya ɗaure shi da zaren waya ya ci gaba da sha'aninsa.

Na san ruwa ba ya tsami banza, don haka na tsare shi da tambaya. Sai da na matsa bakina kusa da kunnensa sannan ya amsa. Ya ce kunnen ya daɗe da tafiya, bakinmu yake kallo ya gane magana. Saƙonnin murya da kake turo masa kuwa babu bakin da zai kalla, shi ya sa yake shiga mota ya ƙure su, don kaurin muryarka ya buga masa a ƙirji ta kujera. Duk "madalla" ɗin da yake mayar maka, bai san me ka ce ba. Wallahi na yi kuka, kuma na ji kunya, muna tare da shi kullum ba mu lura ba.

Mun kai shi asibiti, likita ya ce kunnen dama akwai saura kaɗan, amma bai yi alkawarin zai daɗe ba. Ka nemi hutu ka zo, Auta, tun yana iya jin ka.

Umma, Kawu da Goggo suna gaishe ka, ka gai da matarka da jariri. Baba ya ce in gaya maka komai lafiya, kuma kada ka fasa turo saƙo.

Taka har kullum,
Yayarka