Makullin da Aka Tono a Rijiyar Kasuwa

Zuwa ga ɗiyata Bryony,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan, wanki Neville lafiya lau, matarsa ce dai ciwon baya bai sake ta ba. Gwaggonki Doreen tari ya yi sauƙi. Ni kuwa kwana huɗu ke nan abinci ba ya shiga. Ki yi haƙuri da rubutun.

Kin san an rushe tsohuwar kasuwa, masu binciken tarihi suna tona ƙasanta. Sun samo kaburbura na shekara ɗari bakwai, da fasassun tukwane, da wata rijiya. Kullum sai Doreen ta ja ni mu leƙa ta shinge, tana cewa ko a mace mazan da sun fi na yanzu haƙora. Ni ma dariya nake yi.

Ranar Talata ’yan sanda suka zo gida, tare da matar da ke shugabantar tonon, takalminta duk laka. Ta ce a rijiyar sun samu ƙasusuwan mutum ɗaya da ba na wancan zamanin ba, domin a zamanin da ba a ɗaure karaya da ƙarfe. Ƙafar hagu ce, Bryony. Wadda babanku ya karya a kan babur.

Shekara talatin da huɗu ina gaya muku gudu ya yi ya bar mu. Ran nan Lahadi ce, da sassafe, ana zuba ƙanƙara. Mun yi faɗa, na ce ya tafi kada ya dawo. Ashe gidan Doreen ya nufa ya huce, ya yanke ta kasuwa. A lokacin ana gyaran daɓenta, an rufe ramuka da katako. Rijiyar ya faɗa. Cikin makon aka zuba siminti. Duk Asabar a kansa nake tsayawa ina sayen kifi.

An gwada yawun Neville da ƙasusuwan, babanku ne. Sun nuna mini abin da ke tare da shi a cikin leda: makullin gidanmu, da zoben da na maƙala masa. Ni kuwa ko wata ba a yi ba na sa aka canja kwaɗon ƙofa.

Ban taɓa gaya miki dalilin da ya sa na shiga ajin manya ina da shekara arba’in da shida ba. Cewa na yi in ya rubuto wata rana, ni zan karanta da idona, ba maƙwabciya ba. Takarda ta farko da ta zo mini da sunansa ita ce ta ’yan sanda. Desmond Ackroyd. Ban yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba.

Kina da shekara shida na sa ki yaga hotunansa. Da kika girma kika ajiye sunansa, na ce kin kyauta. Ban san da wane baki zan roƙe ki gafara ba, shi ya sa ban buga waya ba.

Ranar Juma’a sha takwas ga wata za su rufe rijiyar. Shugabar tonon ta ce za ta bar mu mu shiga kafin nan. Doreen ta ce ba za ta tsaya kusa da ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Ki ba ni amsa kafin Laraba: za ki zo ki tsaya? Ko a’a ce, ki rubuto. Zan iya karantawa.

Mahaifiyarki,
Glenys