Kifayen Alhaji Tara, Saura Shida

Kakuri, Kaduna
Laraba, 14 ga Maris, 2001

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen Yawuri. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya ƙalau, aikin otal yana tafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ka san kifayen ado tara da ke cikin akwatin gilashi, waɗanda Alhaji Hamza mai otal ya damƙa mini don na karanta kiwon kifi. Kwana goma sha ɗaya ba mu ga ruwan famfo ba. Da ya zo ranar Litinin, ɗoki ya sa na canza musu ruwan duka, maimakon kashi ɗaya cikin uku, kuma ban bari ya kwana maganin da ke cikinsa ya fita ba. Na san ƙa'idar, na ci jarrabawa a kanta.

Uku sun mutu jiya. Biyu suna ta haki a saman ruwa, ba sa cin abinci.

Wilson mai gadi, wanda ke kirana Digiri saboda karatuna, ya ce, “Digiri, sayo wasu mana! Oga zai ƙirga gashin bakinsu ne?” Amma Alhaji ya san kowanne da suna. Ranar Juma'a zai dawo daga tafiya, kuma gaskiya zan faɗa masa.

Ka sa Baba ya yi mini addu'a, ba sai ya ji dalili ba. In ka gan ni ranar Asabar da jakata, don Allah kada ka tambaye ni a gaban Inna.

Ƙaninka,
Zakariyya'u