Ku Gaya Mini Abin da Ɓerayenku Suka Nuna Kafin Ranar Suna

Zuwa ga Shugaban cibiyar binciken cututtukan jini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni wanzami ne daga Kazage ta ƙasar Birnin Gwari, mahaifin Rakiya wadda ma'aikatanku suka ɗebi jininta damina biyu da suka wuce. Na rubuto a fili ne saboda na gaji da kiran lambar wayarku da ba a ɗauka.

Na farko, bari in fara da laifina. Da baƙaƙen tabo suka fito wa Rakiya a cinya da hannu, na ce mataccen jini ne, kamar yadda kowane wanzami zai ce. Na kafa mata ƙaho huɗu. Tsagar da takan bushe kafin in wanke aska, ta kwana biyu tana tsattsafo, ga haɓo, ga jini a dasashi. Muka ɗauki hanyar Kaduna, muka ratsa dajin nan da kowa ya san halinsa, tana jingine da uwarta. A asibiti aka ce garkuwar jikinta ce ke cinye ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Da hannuna na kusa kashe 'yata.

Na biyu, a can mutanenku suka same mu. Suka ce kuna kiwon wasu ɓeraye da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don su kamu da irin cutarta, a gwada magani a kansu kafin a taɓa mutum. Ni da na saba bin ɓera da sanda a rumbu, dariya ta kusa kama ni, amma na sa hannu. Sun yi alkawarin takarda da Hausa mai bayyana alamomin cutar, in karanta wa 'yan'uwana wanzamai. Ban ga ko fallenta ba. An ce ɓerayen nan a ɗaki mai sanyi suke kwana, ana duba su safe da yamma. Ba na yi musu hassada, amma ita wadda ta ba da jinin ko sau ɗaya ba a tambayi lafiyarta ba.

Na uku, shi ne ya hana ni zama. Rakiya tana da ciki wata takwas. A al'adarmu ranar suna ake aske jariri a cire masa beli, kuma aikin nawa ne. Wata nas ta ce mini abin da ke cinye ƙwayoyin uwa yana iya ratsawa ya taɓa jariri. Na riga na rantse askata ba za ta shiga bakin jikana ba. To, amma dangin mijinta sun ce tsoro ne kawai irin na tsufa, in na ƙi, akwai wanzami a ƙauyen gaba. Maganata ba ta da nauyi a wurinsu, tunda ni ne wanda ya yi kuskuren farko. Takarda mai hatiminku za su ji.

Don haka ina roƙon ka aiko da bayani da Hausa: shin ɓerayenku mata sun haifi 'ya'ya masu zubar jini? Wane gwaji za a yi wa jariri, kuma a ina ya kamata ta haihu? Idan binciken bai kai ko'ina ba, ku rubuta hakan, ku ƙara layi ɗaya cewa kada ƙarfe ya taɓa yaron nan sai likita ya duba jininsa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a aikinku, Ya raba ka da ganin jinin ɗanka a hannunka. Saura mako huɗu ko ƙasa da haka ta haihu, kuma wancan wanzamin bai san komai a kan ɓerayenku ba.

Wassalam.

Tanimu Wanzami, Kazage.