Ni Na Zuba Kashin Kaji A Tafkinmu

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, ina gajiya, ya iyali? Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yi mini ca, don na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku zage ni.

Ni masunci ne a wani ƙauye kusa da Bakura. Tafkinmu ɗaya ne, nan shanu ke sha, kuma ba a taɓa kifinsa sai rani ya yi Sarkin Ruwa ya buɗe su, wato kamun kifi, ga kowa. Bana na je Mafara na ga wani mai kiwon kifi yana zuba kashin kaji a kududdufinsa, ya ce shi ke sa ruwa ya yi kore, kifi ya yi ƙiba. Ni kuwa uban 'yan dabara, ban tambayi yawan da ake sawa ba, ban shawarci kowa ba, sai na riƙa ɗauko buhunan kashin a babur ina juyewa ta bayan gabaruwa inda ba a ganina. Har ina hango ranar su, in bugi ƙirji in ce aikina ne.

Ruwa ya yi kore, ya wuce kore, gansakuka ta rufe shi kamar miyar kuka, sai wari. Wata safiya muka tarar da kifi ya taso ciki sama, shanu suka ƙi sha. Malamar gona ta zo ta zura farin faranti da igiya cikin ruwan, bai kai kamu ɗaya ba ya ɓace mana. Ta ce taki ne ya yi wa tafkin yawa, gansakuka ta ƙoshi ta shaƙe kifin, kuma in ba a tsayar ba, baɗi sai ya fi haka. Ta tambaya wa ke sa taki kusa. Kowa ya juya ya kalli Malam, tsohon da ya karantar da ni allo, don gonar shinkafarsa ce a bakin ruwa. Ni ma na juya na kalle shi, jama'a! Wane irin mutum ne ni?

Mai gari ya ce bayan sallar Juma'a za a hana Malam noman fadamar, ita ce kuwa ke ciyar da gidansa.

Jiya Malam ya dogaro sanda har zaurenmu. Ya ce, "Ɗana, an ce takina ne yak kashe muku kihi. Wallahi ban sani ba. Ka yahe mani, kar in tai lahira da hakkinka."

Na ce, "Ba komi Malam, na yahe."

Na yafe! Da wane bakin? Tun lokacin abinci bai shiga cikina ba, kunya ta ishe ni. In na faɗi gaskiya za a karɓe komar da nake kama kifi da ita, a hana ni su, 'ya'yana su tashi da sunan wanda ya kashe tafki. In na yi shiru, Malam ya rasa gonarsa, yana kuma sa mini albarka don na yafe masa. Juma'a jibi ce.

Me zan yi?